Taurarin Akwatin Alhaji Hali

Kai Mustafa, daina murza hannu awa wanda kunama ta harba. Ɗan bugun da na kai wa bayan hannunka ɗazu a shago bai kai a kumbura baki ba, kuma da ka sake ɗauko rezar nan ka nufi gilashi da na ƙara maka wani. Jikana ne kai, ba mai hana ni. Ku samu wuri ku zauna. Kai kuma abokinsa mai jar hula, in wasa za ka yi da farin dutsen nan na kan taga, ka riƙe shi da kyau, kada ya faɗi.

Kun buɗe shago a unguwar Gidan Igwai, kun jera akwatunan gilashi, kun zuba jajayen kifayen nan da ko a randa anka jefa su za su rayu, shi ke nan kun zama masu sana'ar kifin ado. Bana kuma ido ya buɗe, kun haɗa akwati guda na ruwan gishiri, wai a waya kunka koya. Da kunka ga wasu 'yan abubuwa manne da gilashi, ba su kai farcen ƙaramin yatsa ba, wani mai ƙafa biyar, wani bakwai, wani biyu dogaye saura gajeru, sai kunka ce datti ne a kankare. To, ba datti ba ne. Taurarin teku ne. Ni Arzika na Wamakko shekara goma sha ɗaya muna zaune lafiya da su, reza guda ta shiga tsakaninmu ta raba ni da sana'ata.

Aikin da na fara yi a sana'ar nan ɗaukar ruwa ne. Ni ɗan masunta ne, a bakin gulbin Rima anka yanke mini cibi. Lokacin kuɗin mai sun fara ambaliya, soja na mulki, duk inda ka duba a Sakkwato katafila ce ke tonon ƙasa. Akwai wani Bajamushe injiniyan hanya da leburori ke kira Mai Lofe, don lofe ba ya barin bakinsa. Nakan kai wa kukunsa tarwaɗa. Ran nan ya tarar ina ware masu rai daga matattu cikin daro, ya tsaya yana kallon yadda nake kama su ba gardama. Ya ce da kuku ya tambaye ni ko na san ruwa. Na ce a gaya masa a ciki na koyi tafiya. Ya yi dariya, ya ja ni wani ɗaki mai sanyi. A nan na ga akwatin. Tsawonsa ya kai gadon mutum, ga kifaye masu launin da ban taɓa gani ko a zanen mata ba. Na tsoma yatsa na ɗanɗana, na tofar. Nan na gane rabin ruwa na sani.

Wata shida bai bar ni na taɓa komai a ciki ba. Haɗa ruwa kawai nake yi. A tace ruwan famfo, a zuba a durom na roba, a auna gishirin da ke zuwa cikin leda daga Turai, a dama, a sa masa tiyon iska ya kwana yana ɓulɓula. Da safe a jefa ma'auni, wata siririyar kwalba mai zane a wuya. In ta nutse ta wuce zanen, gishiri ya yi kaɗan. In ta taso, ya yi yawa. Ƙarfe ba ya kusantar ruwan. Na taɓa ɗauko tasar tagulla ta kuku zan ɗiba, Mai Lofe ya fizge ta ya wurga bayan katanga, ya yi ta faɗa da harshensu har wuyansa ya yi ja. Hannu kuwa sai an wanke har gwiwa, ba sabulu, ba man shafawa, ba turare. Maganin sauro ko a ɗakin da ke kusa ba a kunna shi. Da 'yar Hausarsa ta kasuwa ya ce mini, "Arzika, abin da ya kashe sauro, ya kashe teku." Ku riƙe wannan magana, za ku ji inda ta fito.

Duwatsun akwatin a jirgin sama suke zuwa, a jiƙe, nannaɗe da jarida, duk jikinsu ramuka awa gidan gara. A kan ɗaya daga cikinsu akwai abin da ya fi komai daraja a ɗakin, wani irin murjani, amma ba na wuyan mata ba, wannan mai rai ne. 'Yan bakuna ne a jere awa maɓallan riga, kore da ɗigon ja a tsakiya. In fitila ta haska su buɗe, in hannu ya gifta su tsuke. Ranar da na fara gani bai fi tafin hannu ba. Na sa masa suna Darduma, don shimfiɗuwa yake yi a kan dutse sannu a hankali, baki na haifar baki. Kifi in ya mutu a sayo wani. Darduma ba ta sayuwa, renonta ake yi.

Cikin ramukan duwatsun nan taurari ke ɓuya. Ba mai sayensu, ba mai aikawa a kawo su. Maƙalewa suke yi awa masu ɗare bayan motar kaya, sai an iso ka ga sun diro. Tsince su aiki ne na bayan sallar asuba, kafin a kunna fitilar akwati, don haske na zuwa suke komawa rami. Mai Lofe na da wani dogon hantsaki na Turai, ni ban ji daɗinsa ba, bakinsa ya cika ƙarfi. Sai na fere gora na yi matsefata irin ta cire ƙaya, amma mai tsawon kamu guda. Ga ta can soke a saman ƙofa.

Ba duka ake tsincewa ba, a nan gwaninta take. Fararen da ke yawo a gilashi gansakuka suke lasa, masu shara ne da ba a ba su abinci, a bar su. Masu duhun baya, launin toka, waɗanda za ka samu sun hau gefen Darduma sun lafe, su ne ɓarayi. Inda ɗaya ya kwana, da safe baki guda ya tafi. Shi za ka zura wa matsefata ta ƙasa, ka ɗan taɓa, ka jira ya saki dutse da kansa, sannan ka ɗaga shi ɗungurungum. In ka yi garaje ƙafa ta gutsure da ɗan jiki, ka yi shuka. Mai Lofe bai tsaya yi mini dogon bayani ba. Ya kama ɗaya ya raba biyu da wuƙa a gabana, ya jefa a kwalba da ɗan dutse, ya ce in riƙa dubawa. Bayan mako uku taurari biyu ke yawo a kwalbar, kowanne na fitar da sababbin ƙafafu. Na ce ashe kiri-kiri ne, ciyawar nan da in ka sassare ta da fartanya ka taimake ta.

Abu na biyu da ya koya mini, yawansu abinci yake bi. In ka ga sun ƙaru, kada ka zage su, ka binciki hannun mai ba kifi abinci. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da za ka ɗiba tsakanin yatsa biyu, shi ne abincin yini na akwatin nan duka. Kifin teku kullum da yunwa yake kallonka, ko yanzu ya ci.

Shekara huɗu na yi da shi, aikin hanya ya ƙare, ya tashi komawa ƙasarsu. Alhaji Hali ɗan kwangila, wanda ya gama ginin bene a unguwar Gidan Dahala, ya zo sayen motarsa ya ga akwati, ya ce shi ma a haɗa. Anka haɗa har da ni, awa a sayi saniya da mai tatsa. Ɗaukar akwatin nan yini guda cur munka yi. Kowane dutse da bokitinsa, kowane kifi da ledarsa, mota na tafiya awa ta ɗauko ƙwai. Darduma a cinyata ta yi tafiyar, cikin roba, na rufe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ko baki guda ban rasa ba. Mai Lofe ya bar mini ma'auni, ya dafa kafaɗata, ya ce kalma biyu, "Ba sauri."

Gidan Alhaji na san mutane. Manya kan zo cin abinci, a kai su falo su ga teku a Sakkwato. Wani ya ƙwanƙwasa gilashi da zobe. Wani ya tambaya, "Wanga kifi ana cin shi?" Wani ya fesa turare a rigarsa a gaban akwati, ni kuwa in lallaɓa in ja murfi. Ba wanda ya taɓa tambayar yadda abin ke rayuwa, sai dai daga wace ƙasa ya zo. Da sunan gidan ya fita, wani manajan banki da wani Kwara, Balarabe mai kantin yadi, sunka yi nasu ƙanana, ni ke zagaya musu a kan keke sau biyu a mako. A garin nan duka ba mai wannan aiki sai ni, har anka daina ce mini Arzika, sai Mai Teku.

Bazara ita ce jarrabawa. Kun san zafin garin nan. In wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, ruwan ya fara ɗumi, kifi su taso sama suna haki. Sai in hau keke in nemo ƙanƙara, in ƙulle a leda in sa tana yawo a saman ruwa, don in ta narke a ciki ta ɓata ma'aunin gishiri. Akwai ranar da na zauna da famfon keke ina hura wa akwatin nan iska tun hantsi har la'asar sakaliya. Washegari ko lomar tuwo na kasa kaiwa baki da hannun dama. Alhaji ya dawo daga tafiya ya leƙa ya ce, "Madalla, kifin ga ba su da wahala." A haka na yi shekara bakwai a gidan. Darduma ta rufe dutsenta, ta tsallaka na kusa, har ta kai faɗin faifai biyu.

Sai shekarar da soja sunka sake karɓar mulki. Kaya sunka ɓace a kanti, mutane na layi kan sabulu da madara, abin da ke shigowa daga waje ya tsaya cik. Gishirina ya rage leda guda. Kwangilolin Alhaji ma sunka tsaya, fuskarsa ba annuri. Da na kai masa maganar gishiri ya dube ni ya ce, "Arzika, gishiri ba gishiri na ba? Kakana da raƙuma yay yi fataucinai. Tahi kasuwa ka ɗauko buhu."

Na ce, "Ranka shi daɗe, wancan na miya na. In anka zuba shi, kwana ukku ba a yi akwatin ga ya koma miya."

Ya yi tsaki, amma ya yarda in tafi Ikko in nema. Kafin in tashi na ƙulla abincin kifi a takarda, ƙulli goma sha biyu, kowace rana guda. Na damƙa wa Nasiru, babban ɗan Alhaji, wanda ya dawo daga karatun aikin gona a ƙasar waje yana kula da gonar shinkafarsu. Na ce masa abu biyu. Kada a wuce ƙulli guda a yini, kada kowa ya taɓa taurarin gilashi. Ya ce, "Malam Arzika, ni da nak karanci ilimin ƙwari za ka koya wa?" Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ba a gaya wa ɗan maigida haka.

Kwana goma sha biyu na yi, na sha yawo a Ikko har takalmina ya tsinke, na samo leda biyu. Ina shiga falo na ga gilashi na walƙiya, ko tauraro guda babu. Ruwan kuma ya ɗan yi rawaya, yana wani ƙarni. Na duba kan kanta, ga ƙullina goma sha biyu nan ba a ko kwance ba.

Hajiya, uwargidan Alhaji, ita ta fara tare ni daga bakin labule. Mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙanta, ba ranar da tuwonta bai fita waje ba. Ta ce, "Arzika, ka ji tsoron Allah. Ka kulle dabba cikin gilashi ka riƙa ba ta abin da bai cika farce ba? Ranar gobe wa za a tambaya? Gidana ko magen maƙwabta ba ta kwana da yunwa." Ashe tun ranar da na tafi ta sa anka daka busasshen kifi da hanta, ludayi guda da safe, ludayi guda da marece. Me zan ce mata? Abin da anka koya mata tun tana ƙarama ta yi, kuma a kan akuya ko kaza gaskiyarta ce. Na ce, "Allah shi saka da alheri, Hajiya."

Nasiru kuwa da fara'arsa ya shigo. Ya ce, "Ka ga aiki? Abin da kake yi wa sammako shekara da shekaru, ni tsakanin azahar da la'asar nag gama shi. Reza guda. Na kankare su dut, waɗanda sunka yi taurin kai na daddatsa su."

Na ce, "Ina ka zuba su?"

Ya ce, "Zuba mi? Sun mutu, sun hwaɗi ƙasa, kifi su cinye."

Na durƙusa na haska tocila a kan yashi. Ga su nan gutsi-gutsi, awa an watsa tsaki, wasu har sun fara motsi. An yi mini shuka, an kuma zuba mata taki safe da marece. Na sake ruwa da leda guda ta gishirin Ikko, na zuƙe abin da tiyo zai iya zuƙewa, amma yawancinsu sun riga sun shige ramuka.

Wata guda bai cika ba sunka fito. In na haska da asuba ba na ganin cikin akwati, gilashi ya rufe da su. Gansakuka ta ƙare musu, har farare sunka bi masu duhun baya zuwa kan Darduma. Gefenta ya fara tsukewa, bakuna na ɓacewa, farin dutse na bayyana. A daidai wannan lokaci Alhaji ya samu abin da ya yi wata da watanni yana nema, sabon gwamnan soja ya amsa zai zo cin abinci gidansa. Ya kira ni ya nuna akwati da carbi.

"Kwana nawa za ka gyara wanga ƙazanta?"

Na ce, "Arba'in, ranka shi daɗe."

Ya ce, "Gwamna na tahe nan da mako biyu, kai kana kiran arba'in."

Na ce zan share gilashin gaba kafin ranar, baƙo ba zai ga komai ba, sauran kuma a bar ni da su. Na hana abinci kwata-kwata sai kwana bibbiyu. Kullum daga masallaci sai falo, hannu cikin ruwa har kafaɗa, ɗaya bayan ɗaya, taɓa, jira, ɗaga. Sai na cika kwanon sha kafin rana ta fito. Fatar hannuna ta tsattsage da gishiri, bayana ya ƙage. A kwana na takwas na ga abin da nake jira. A gefen da anka cinye, ƙananan bakuna uku sun buɗe, sababbi fil. Wallahi na yi murna ranar, har na yi wa mai gadi waƙa. Darduma ta juyo.

Nasiru bai ga bakuna uku ba, taurari ya gani. Ya shigo da wata kwalba mai hoton ƙwarangwal, irin ta feshin gona. A gaban ubansa ya ce, "Baba, ƙwari na, kuma ƙwari maganinsu guda. Murhi ɗaya ya isa. Kifi manya na, ba abin da zai same su."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ko buɗe kwalbar ga anka yi cikin ɗakin ga an yi ɓarna. Ni ɗan masunta na, na ga abin da irinta ka yi wa tabki. In ta shiga, ba abin da za ya saura."

Alhaji ya dubi ɗansa, ya dube ni, ya ce, "To, ku daidaita." Ya tashi ya shige. Kun ji maganar manya. Ba zai ce wa ɗansa a'a a gaban bara ba, ba zai kuma ce i ba, don kada ta ɓaci a ce shi ya sa.

Washegari Juma'a ce. Na yi tsintata da safe, na rufe akwati, na tafi masallaci. Tun daga ƙofar falo da na dawo warin maganin Nasiru ya mare ni. Kifi duka sun juya ciki sama. 'Yan jatan landen da ke ciki sun zube a yashi. Darduma ta tsuke gaba ɗaya, tana sakin wani yauƙi mai ruwan ƙasa. Na yi ta kwasar ruwa ina zuba sabo har gishirin Ikko ya ƙare tas, amma na san wanka nake yi wa gawa. Kafin magariba ta fara saɓulewa daga dutse. Abin takaici, taurarin da anka yi don su, su ne na ƙarshen mutuwa. Har washegari wasu na rarrafe a gilashi.

Alhaji ya sauko ya tsaya a tsakiyar falo. Nasiru ya riga ni magana, ya ce gishirin da na kawo daga Ikko jabu ne, tun ranar da na zuba shi ya ga kifi na layi. Wari kuwa ya cika ɗakin har ido na yaji. Alhaji ya ce, "Arzika, gishirin da kak kawo ba shi da kyau."

Na ce, "Ranka shi daɗe, hancinka na jin abin da nawa ka ji."

Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Ban ji komi ba."

Na ji zafin wannan magana fiye da mutuwar kifin, kuma har gobe ina jinsa. Kafin kwana uku labari ya zaga gari ya yi ƙafafu. Daga jabun gishiri ya koma wai ni na zuba magani da hannuna, ai ɗan masunta ne, sun saba kashe ruwa. Manajan banki ya aiko direbansa ya ce in dakata da zuwa. Kwara ko ƙofa bai bari anka buɗe mini ba. Cikin wata biyu akwatunansu sunka mutu a hannun masu shara, ba wanda ya ce a nemo Arzika.

Amma ban gama muku ba, akwai aikin ƙarshe da na yi a gidan. Gwamna na nan tafe, akwati ba ya zama wayam. Alhaji ya sa na fitar da duwatsun, na tafasa su a tukunyar biki, na goge da burushi, na shanya a rana har sunka yi fari tas. Da hannuna na kankare abin da ya saura na Darduma. Na wanke gilashi, na jera duwatsu, na cika da ruwan famfo. Sannan anka ba ni mota na tafi Wamakko, wurin 'yan'uwana, na karɓo ƙananan karfasa da 'yan tarwaɗa, irin waɗanda muke mayarwa gulbi don ba su isa miya ba.

Ranar walima, Alhamis, ina tsaye bayan ƙofar kicin da bokiti, ko wani kifi zai mutu a yi maza a cire. Gwamna ya shigo da mutanensa, ya tsaya gaban akwati, hannu a baya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce ya shiga gidaje da yawa a ƙasar nan da waje, bai taɓa ganin akwatin kifi mai tsabta irin wannan ba, dubi duwatsu farare tas. Ya tambayi wa ke kula da shi. Alhaji ya ce, "Ɗana Nasiru, ranka shi daɗe, a waje yak karanto." Gwamna ya miƙa wa Nasiru hannu. Kwangila ta fito bayan mako biyu. Ni kuwa tun washegarin walimar anka ba ni tsohuwar riga ta Alhaji anka ce Allah shi haɗa kowa da rabonsa.

Da wannan na koma gyaran famfon ruwa a bakin kasuwa, shi na yi har ƙarfina ya ƙare. Korar ba ta dame ni kamar yadda kuke zato ba, bara dama ranar korarsa na rubuce. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, shekara goma sha ɗaya ina raya abu a garin da ko gulbi ƙafewa yake yi, sai ga shi mutumin da anka yi duk wannan ɓarna dominsa bai iya bambanta mai rai da matacce ba. Da na sani tun farko da ruwan famfo da karfasa na huta.

Saboda haka ku da kuke cewa aikin nan zuba ruwa ne da kunna fitila, ku je ku nemo gora ku fere. Tawa ba ta aro ba ce. Ku rage abinci, ku tashi da asuba, ku bar farare, ku ɗauke masu duhun baya ɗungurungum. Rezar nan kuma, Mustafa, ka kai wa wanzami.

Kai mai jar hula, tun ɗazu kake jujjuya dutsen nan kana leƙen ramukansa. A tukunyar biki ya ɓalle daga dutsen Darduma, na sa shi a aljihun tsohuwar rigar na fito da shi. Wannan gefen mai santsi da babban yatsanka ke kai, nan ne bakuna ukun nan sunka buɗe. Mayar mini da shi kan taga, a hankali.